Zanen Falon Marigayi Koci

Ƙusa biyu kawai suka rage a bangon falon, sai wani farin gurbi mai kusurwa huɗu inda rana ba ta taɓa fenti ba shekara talatin. Zanen ya tafi.

Mama, matar marigayi Koci, ita ta fara gani. Da hantsin Talata ta tafi asibiti a duba mata hawan jini, ta bar mai fenti da mai tayil suna aikin gyaran falon da autanta ya sa su. Ta dawo rana tsaka, ta tarar da ƙofar baya a buɗe, ma'aikatan sun fita cin abinci. Ba ta yi ihu ba. Zama ta yi a bakin ƙofar falon, ledar magani a cinya, ta roƙi maƙwabciya ta kira mata Mai Sawu.

Da hoton kwalliya ne kawai, da sai a ce Allah ya mayar da alheri a wuce wurin. Ba haka ba ne. Allon katako ne mai faɗin hannu biyu a buɗe, wanda wani mai zanen shaguna ya zana shekarar da ƙungiyar unguwa ta ci kofin gari. 'Yan wasa goma sha ɗaya a tsaye, Koci a gefe da usur a wuya, bayansu tsohuwar bishiya ta hagu, tankin ruwa ta dama. A can ƙasa, daidai wurin takalman 'yan wasan, shugaban ofishin filaye na wancan zamani ya rubuta da hannunsa cewa daga bishiya zuwa tanki filin wasan yaran unguwa ne. Ya sa hannu, ya buga hatimi. Fayil ɗin filin kuwa ya daɗe da yin ɓatan dabo a ofis, kamar yadda fayiloli suka saba yi da zarar ƙasa ta yi daraja. Yanzu kwamitin unguwa yana so a yanka filin a gina shaguna. Masu awon ƙasa sun ce ranar Alhamis za su zo: mai hujja ya kawo, in babu su fara aiki. Hujjar ke nan ta sauka daga bango saura kwana biyu.

Kafin Mai Sawu ya iso, unguwa ta riga ta yanke hukunci. Mutanen da aka shekara biyu ana kiransu taron kare filin ba su taɓa cika benci ɗaya ba, yau sun cika lungu har bakin titi, kowa yana neman wuyan rigar Mai Fenti. Ai baƙo ne, daga wata unguwa aka ɗauko shi, ba shi da kawu a nan. Dukansa ba zai ɓata zumuncin kowa ba.

Mai Sawu ya ratsa su. Siririn mutum ne, ya ba hamsin baya, kullum idonsa a ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Sana'arsa bin sawun awaki da babura da aka sace. A zanen kuwa shi ne na uku daga hagu, lokacin yana mai tsaron baya, ana ce masa Katanga.

Ya durƙusa gaban tsohuwar. "Sannu Mama. Wa ya shiga falon bayan kin dawo?"

"Ko ni ban shiga ba. Na san halinka." Ta kama hannunsa. "Ka nemo min shi kafin Alhamis, ɗana. Ranar da babanku zai cika bai yi maganar gida ba, bai yi ta 'ya'ya ba. Filin ya ambata."

*

An kwashe kujeru tun makon jiya. Mai Tayil ya daidaita daɓen, ya ja layuka da zare da shuɗin gari, gida-gida, yadda tayil zai zauna. Ƙurar siminti ta kwanta a kai kamar an tankaɗe ta. Ga mai bin sawu, wannan takarda ce a buɗe.

Ya cire takalmi, ya bi gefen bango. Sawun ma'aikatan biyu ya cika gefen taga, sun yi ta kai da kawo, sun murje layukan wurin. Amma daga ƙofar baya zuwa ƙarƙashin ƙusoshin akwai wani sawun daban, shiga ɗaya, fita ɗaya. Silifa ne irin wanda rabin mazan unguwa ke sawa. Wannan bai ba shi komai ba. Takun ne ya tsayar da shi. Dogo, gajere, gajere, dogo. Can kuma gajere uku a jere, sai wani dogo kamar an tsallake kwata. Shekara ashirin yana karanta ƙasa, bai taɓa ganin mai lafiya ya yi irin wannan tafiya ba.

Ya karɓi robobi shida a wurin Mama ya kife a kan sawun da suka fi fitowa. Ya ce da Mai Tayil kada ya aza ko tayil ɗaya sai ya ba shi izini.

A waje, bayan ƙofar baya, babu abin karantawa. Yashi da siminti da tayil duk a kura aka kawo su, sawun taya ya hau sawun taya har bakin kwalta.

*

An zaunar da Mai Fenti a kan bokiti, leɓensa ya riga ya fashe. Wani mai gaggawa ya biya kansa tun kafin shari'a.

"Wallahi malam shawara kawai na bayar," in ji shi. "Ni aikina ke nan. Na ce da autan gidan, yanzu wa ke rataya katako a falo? Bango za a yi ruwan toka, kushin baƙi. Dubi nan." Ya ciro waya, yana nuna hotunan 'yan ƙwallon ƙasashen waje masu gilashi, wasu har da fitila a bayansu. "Irin wannan na ce a sa, uku a jere. Laifi ne?"

"Ka san abin da ke rubuce a ƙasan allon?"

"Ni ko kallonsa ban tsaya yi ba. Kawunan mutanen ma sun fi jikinsu girma."

Wasu suka yi dariya, suka tuna fushi suke yi, suka ɗaure fuska.

"Tashi ka taka min daga nan zuwa rijiya," in ji Mai Sawu.

Mutumin ya tashi, ya fara tafiya, sai ga shi yana ɗingishi. Lungu ya ɗauki sowa. Labarin karkataccen taku ya riga ya fito daga falon, ga kuma gurgu a hannu. Me ya rage?

"Ku dakata!" Mai Sawu bai cika ɗaga murya ba, shi ya sa aka ji. Ya nuna ƙasa. "Ƙafarsa ta dama ce gajera. Kowane taku na dama gajere ne, yau da gobe da jibi. Mai ɗingishi ba ya canza ƙafa. Na cikin falo wani lokaci dama ce ke gajarta, wani lokaci hagu. Ba shi ba ne."

Ba su ji daɗi ba. An ƙwace musu ɓarawo mai sauƙi.

*

Auta ya iso da la'asar daga wurin aiki, mukullin mota a yatsa, waya a kunne.

"Yaya, ba zan ɓoye maka ba, ni na ce a sauke shi," ya ce bayan ya kashe wayar. "A kai shi ɗakin baya na ce, ba a sace ba. Mama ta ce sai dai a sauke ta tare da shi. Na haƙura. Abokaina suna zuwa gidan nan, Yaya. Falo kamar ofishin ƙungiya. Kofuna a kan talabijin, usur a jikin labule."

"Babanka ne a jikin allon."

"Na sani. Na kuma san sau nawa muka kwana da yunwa saboda ya sayi ƙwallo da raga." Ya kawar da kai. "Tun safe ina ofis, mutum ashirin sun gan ni. Amma in ka tambaye ni, filin nan ya riga ya tafi. Ku ne kawai ba ku ji labari ba."

Daga nan Mai Sawu ya bi maƙwabta. Telan da shagonsa ke kallon ƙofar baya ya ce kansa na kan keke. Mai wankin da ke shanya a lungun ta ce ita kura kawai take gani tana wucewa, kura kuwa kullum cikin wucewa take. Mai gyaran rediyo ya ce shi ba ya shiga abin da ba ruwansa. Allo mai faɗin hannu biyu ya fita daga gida rana tsaka, a lungun da ko sabon ɗankwali mace ta ɗaura sai an yi zancensa kwana uku, amma yau kowa ya makance.

Ciyaman na kwamiti yana shagonsa na kayan gini, fanka biyu na kaɗa masa. Ya karɓi Mai Sawu da fara'a har da ba shi kujera.

"Abin bai yi daɗi ba, wallahi bai yi daɗi ba. Ni lokacin ina wurin taro, ka tambaya." Ya miƙe ƙafafunsa manya kamar faranti, ya nuna su yana dariya. "Ko ka ga irin waɗannan a falon?"

"Ban gani ba, ranka ya daɗe."

"To ka gani. Bari in gaya maka gaskiya, Mai Sawu, don ina ganin girmanka. Filin nan me yake haifarwa ban da ƙura da karaya? Shago arba'in za a yi. Ka san mutum nawa suka biyo ni ta bayan gida a rubuta sunansu? Waɗanda ke maka ihu a lungu ɗazu, rabinsu na cikin aljihun nan." Ya dafa aljihun gaban rigarsa. "Kowa na so. Kunyar tsohuwa ce kawai ta hana su faɗa. Ka koma bin sawun akuya, ya fi maka kwanciyar hankali."

*

Cikin goma sha ɗayan da ke zanen, uku suka rage a unguwa. Sauran wasu sun rasu, wasu neman abinci ya watsa su. Guguwa, wanda a da in ya ɗauki ƙwallo ta gefe sai dai a bi shi da kallo, ciwon suga ya ci masa ƙafar hagu, yana zaune yana aski a ƙarƙashin rumfa. Danƙo, golan da ƙwallo ba ta faɗuwa daga hannunsa, shekara talatin yana tura kura. A rumfar Mai Sawu ya same su gab da faɗuwar rana.

"Katanga!" in ji Guguwa. "An ce ka ƙwaci gurgu a hannun jama'a. To ni fa? Ka duba sawuna, ƙafa ɗaya da rami ɗaya."

"Kai ko allon aka ɗora maka sai dai a ɗauke ku tare."

Danƙo yana kwance a kan benci, ya ɗora hannu a goshi. Bayansa ne ya motsa, in ji shi. Ya yi dariya kaɗan, ya tambaya ko an samu wani haske.

"Babu," in ji Mai Sawu. "Taku ne ya ɗaure min kai. Kamar na maye, kamar na mai rawa."

"Allah ya tona," in ji Danƙo, bai ɗauke hannun daga goshi ba.

Suka ɗan taɓa hirar da. Ranar kofin, bugun fanaretin da Danƙo ya kama har yatsansa ya goce, yadda Koci ya yi kuka kamar yaro. Guguwa ne ya fi magana. Mai Sawu ya tafi gida babu komai a hannu, saura kwana ɗaya.

*

Da safiyar Laraba ya koma falon. Ya ɗaga robobin, ya auna da tafin hannu, ya sake aunawa. Ya shiga, ya fita, ya tsuguna, ya koma bakin ƙofar baya, ya dawo. Mai Tayil na zaune a kan buhun siminti yana jiran a sake shi ya yi aikinsa.

"Malam, ni dai na gode maka," in ji shi.

"Da me?"

"Tun jiya kake zirga-zirga a falon nan, ba ka ɓata min layi ko ɗaya ba. Wancan mai fentin kamar saniya, sai na sake jan rabi. Kai kuwa ko kana kallon sama sai ka tsallake."

Mai Sawu ya juya ya dubi nasa sawun. Dogo, gajere, gajere, dogo.

Takunsa da na ɓarawon iri ɗaya ne.

Koci da kansa yake jan layin filin. Kowace safiya, da gwangwani mai huji cike da farar ƙasa, a sunkuye, daga kusurwa zuwa kusurwa. Doka ɗaya gare shi da ba ta da roƙo: in ba a cikin wasa ba, ba a taka layi. Wanda ya taka, shiga ko fita, zagaye goma ne a rana, ko da shi ne kyaftin. Shekara shida Mai Sawu ya yi a hannunsa. Kai ya manta, ashe ƙafa ba ta manta ba.

Ya sake bin sawun ɓarawon. Ɗauke da allo mai nauyi, cikin sauri, cikin tsoro, mutumin ya ƙetare layi goma sha huɗu bai taɓa ko ɗaya ba.

Sannan ya ce da Mama ta aika a kira masa mutane bayan la'asar. Ya karɓi tsintsiya ya share rabin falon da ba sawun ɓarawo a kai, ya sa Mai Tayil ya sake jan layukansa, ya barbaɗa sabuwar ƙura. Ya jera benci biyu a can ƙurya, yadda duk mai son zama sai ya ratsa falon.

*

Ɗaya bayan ɗaya ya shigo da su. Ciyaman ya fara, ya murje layi uku da taku biyu. Auta ya biyo, idonsa a waya. Yaron ya tashi a gidan Koci amma bai taɓa sa takalmin ƙwallo ba, kuma ƙasa ta nuna hakan. Mai Fenti ya ja ƙafarsa ya share nasa rabon. Tela, mai wanki, mai rediyo. Guguwa ya dogara sandarsa yana zagin wanda ya ajiye benci nesa haka. Jama'a sun cika taga da ƙofa.

Danƙo ne na ƙarshe. Ya yi sallama, ya gaida Mama, ya ratsa a hankali, hannu ɗaya a kwankwaso. Kansa a sunkuye yake, amma ba ƙasa yake kallo ba. Mai Sawu ya kalli ƙafafun nan yana roƙon Allah su taka ko layi ɗaya.

Ba su taka ba.

Ya bari kowa ya zauna. Ya kwashe robobin shida, ya jingine su.

"Ga sawun wanda ya ɗauki allon," ya ce. "Ga naku na yanzu. Ban iya dogon bayani ba, duk mai ido ya duba layukan. Ranka ya daɗe ka taka. Auta ka taka. Kowa ya taka, don ba wanda ya taɓa hana ku. Mutum uku ne a unguwar nan aka hana, har hanin ya shiga ƙashinsu. Ɗaya ƙafarsa ɗaya. Ɗaya ni ne."

Guguwa ya juya a hankali ya dubi wanda ke gefensa.

"Danƙo," in ji Mama. Ba tambaya ba ce. "Kai da nake ajiye wa ƙanzo."

Danƙo ya buɗe tafin hannuwansa a kan gwiwa yana kallonsu. Sun yi kanta.

"Katanga, ka san nauyin buhu shida a kan tudu?" ya ce. "Likita ya ce in na ƙara shekara ɗaya ina turawa, sai dai a tura ni. 'Ya'ya mata huɗu gare ni. An ce sunana na cikin masu shago. Ɗan ƙarami, na kusurwa. In zauna a inuwa in sayar da sabulu."

"Wa ya ce ka ɗauka?"

"Ba wanda ya ce." Bai dubi Ciyaman ba, kowa kuwa shi ya duba. "Cewa aka yi allon nan ne kaɗai ya tsaya tsakanina da inuwa. Sau uku aka gaya min."

"Ni dai ban aiki kowa ba," in ji Ciyaman, yana gyara hula.

"Ina allon?" in ji Mai Sawu. "Ka ƙone shi?"

"In ƙone Koci?" Karon farko ya ɗago. "Yana ɗakina."

Mai Sawu ya nufi ƙofa. Ashe akwai saura.

*

Su biyu suka tafi. Ɗakin Danƙo ciki ɗaya ne, tabarma, katifa, kwanuka a kusurwa. Bangon duk ya yi baƙi, ban da wuri ɗaya da aka goge da tsumma aka buga sabuwar ƙusa. Nan allon yake rataye, an share masa ƙura, yana fuskantar katifar. Ɓarawon ya yi wa ɗakinsa kwalliya.

Mai Sawu ya matsa. Ga Koci da usur. Ga bishiya, ga tanki. Ga shi kansa, na uku daga hagu, da gashi cike da kai. Idonsa ya sauka inda ya saba sauka, ƙasa.

Babu ƙasan. An bi shi da zarto daga gefe zuwa gefe, faɗin tafin hannu. Rubutun, sa hannun, hatimin, duk sun tafi. Kuma da yake rubutun a wurin takalma yake, zarton ya tafi da ƙafafun. Mutum goma sha ɗaya da kocinsu a tsaye a kan idon sawu, ba sa taka komai.

"Guntun fa?"

"Matata ta dafa ruwa da shi jiya. Ba ta sani ba." Danƙo ya zauna a bakin katifa. "Fuskokin nake so, Katanga. Ban taɓa samun hoton kaina ina da ƙarfi ba."

Mai Sawu ya so ya zage shi, ya nemi zagin ya rasa. Ya sauke allon. Suka kama shi tare, kowa da gefensa, kamar masu ɗaukar mara lafiya.

*

Da aka jingine shi a bangon falon, Mama ta dube shi ta rufe baki da mayafi. Guguwa ya daɗe yana kallo.

"Ƙafa ɗaya asibiti suka yanke min," ya ce. "Kai ka ƙarasa ɗayar."

Ba wanda ya yi dariya.

"To alhamdu lillahi, an gano," in ji Ciyaman yana miƙewa. "Dattijo ne, mai iyali, a rufa masa asiri. Shaiɗan ne. Kowa ya yafe."

Nan da nan taga da ƙofa suka amsa. A yafe, a yafe. Mutanen da jiya suka fasa leɓen baƙo a kan zato, yau ga mai laifi ya amsa da bakinsa, sun zama masu tausayi. Ba wanda ya ba Mai Fenti haƙuri.

"Ban gama ba," in ji Mai Sawu. Ya juya ga taga. "Rubutun ya ƙone, amma ba a ɓoye yake ba. Shekara talatin kuna shigowa falon nan. Nan kuke kallon wasa lokacin ba kowa ke da talabijin ba. Kun karanta shi, 'ya'yanku a jikinsa suka koyi haɗa baƙi. Gobe masu awo za su zo. In mutum ashirin suka tsaya suka ce mun gani da idonmu, dole a saurara. Wa zai zo?"

Tela ya ce yana da ɗinkin da zai bayar gobe. Mai rediyo ya ce shi karatunsa bai yi nisa ba. Wani daga baya ya ce a bar wa Allah. Taga ta fara haske, kawuna suna raguwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da abin yi. Ba sharri ne ya cika musu ciki ba, da ma sharrin ne da an san da wa ake faɗa. Kowa dai so yake abin ya wuce ba tare da an ji bakinsa a ciki ba, shago ya zo ko kada ya zo.

*

Ranar Alhamis mutum uku suka tsaya a ƙarƙashin tsohuwar bishiya: tsohuwa mai hawan jini, wanzami mai ƙafa ɗaya, da mai bin sawun awaki riƙe da allo. Babban mai awon mutum ne mai ladabi. Ya saurare su har ƙarshe, ya duba allon gaba da baya, ya shafa inda zarto ya bi.

"Zane mai kyau, Mama," ya ce. "A falo ya kamata a ajiye shi."

Kafin azahar ma'aikatansa sun kafa turaku. Da farar ƙasa suka ja layukan shagunan, gida-gida, daga bishiya har tanki. Yaran da suka zo da ƙwallo bayan an tashi makaranta suka tsaya a gefe suna kallo, sannan suka tafi neman wani lungun.

Auta ya zo da mota ya ɗauki uwarsa da allon. Ya ce Mai Fenti ya ba da shawara a yi masa baƙin firam mai kauri, zai rufe wurin yankan, ba wanda zai lura. Yanzu da ya rage tsayi ma, in ji shi, zai zauna daidai a saman kushin.

Mai Sawu ya tsaya har kowa ya watse. Hanyar gidansa ta tsakiyar filin take. Ya zo bakin layin farko, sabo, fari tas, na shagon kusurwa. Ya yi niyyar ya murje shi da diddige, ko da wannan kaɗai zai iya yi wa Koci. Ya ɗaga ƙafa.

Ƙafar ta tsallake. Ta tsallake na biyu, ta tsallake na uku. Haka ya ratsa shago arba'in, dogo, gajere, gajere, dogo, ya fita ɗaya gefen bai ɓata musu layi ko ɗaya ba.